Baƙon da Ya Ƙi Hannun Sarki

An yi wani sarki a Birnin Sansami, ana ce masa Sarki Nafi'u, wanda Allah Ya hore wa mulki mai faɗi da kwana mai tsawo, har jariran da aka haifa ranar naɗinsa suka aurar da 'ya'yansu yana nan bisa karaga. Kada ka ɗauka azzalumi ne, ya kai mai karatu. Mutum ne mai kunya da son ilmi, sai dai al'adar fadar da ya gada ta naɗe shi kamar jinjiri cikin zane. Ba a haɗa ido da shi, ba a jin muryarsa a zaman fada, balle wani mahaluki ya yi mafarkin taɓa hannunsa. Mai gaisuwa zai tuɓe takalmi tun daga soron farko, ya zo ya faɗi, ya ce, "Ranka ya daɗe," fadawa su amsa da ƙarfi, "Sarki ya gaishe ka!" Shi kuwa Sarki yana zaune bayan amawalin rawaninsa, ko ya gaishe ka ko bai gaishe ka ba, wannan sai Allah.

Sarkin nan yana da waziri, wani dattijo mai suna Ukashatu, wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa tun yana saurayi, bai waiwayo gida ba sai bayan shekara goma sha ɗaya, saboda duk hanyar da ya ga ta ratse sai ya bi ta ya ga inda ta nufa. Bai dawo da dukiya ba, sai labarai cike da baki, da siffar wani lambu da ya taɓa gani a wata ƙasa ta gabas, wadda ta zauna masa a zuciya ta ƙi fita. Da girma ya zo masa, ya yi ta roƙon Sarki har aka ba shi izini, ya sa aka datse ƙoramar Farin Yashi wadda ke gangarawa kudu, aka karkato da ita bayan fada. Cikin shekara uku wurin ya zama abin kallo. Ga rumman, ga lemo, ga inabi ya hau rumfa, kurciyoyi na kuka cikin ganye, ruwa na gudu ƙarƙashin itatuwa yana wata 'yar magana da ba ta ƙarewa. Wallahi Waziri yana son lambun nan kamar ɗan da aka samu da tsufa.

A nan su biyu suke zama bayan la'asar, kuma a nan kaɗai Sarki ke sauke amawali ya yi magana kamar kowa. Wata rana iska na kaɗawa, inuwar ganye na yawo bisa shimfiɗa, Sarki ya ce, "Waziri, kai da ka ga duniya, shin ko'ina haka ake gaisuwa, mutum ya faɗi a amsa masa daga gefe?"

Waziri ya lumshe ido, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, gaisuwar 'yan Adam ta fi tufafinsu yawan launi. Na zauna da mutanen rairayi masu rufe baki, waɗanda in sun haɗu sai su shafi tafin juna su janye, su sake shafa su janye, suna tambayar raƙuma da rijiyoyi, har tukunya ta tafasa ba su gama ba. Na ga mutanen bakin wani tafki da ke durƙusawa suna tafi a hankali, ba mai taɓa wani. Can bakin teku na ga waɗanda ke kama hannu su ƙarasa da ƙyasta yatsa, ƙas, su fashe da dariya. A gabas na ga manyan mutane suna rungumar juna suna haɗa hanci, na ga ɗa yana sumbatar hannun ubansa ya ɗora a goshi. A Makka kuwa na haɗu da wasu baƙi daga ƙarshen duniya da ke haɗa tafukansu biyu a ƙirji su sunkuya, ka ce addu'a suke maka. Mu ma nan, ai ka ga maƙeri in hannunsa da gawayi tsintsiyar hannu yake miƙa maka, yaro mai ladabi kuma ya tallafi damansa da hagu, in an gama musafaha kowa ya kai hannu ƙirji."

Sarki ya dubi tafin hannunsa, mai laushi, wanda zobe ya yi wa shaida. Can ya ce, "Rabon da wani ya riƙe hannun nan tun ranar da mahaifiyata ta yi mini ban kwana a ƙofar ɗakinta, za a kai ni wurin naɗi. Shekara talatin da bakwai ke nan. To, gaya mini, duk cikin gaisuwar da ka lissafa, wacce ta fi daraja?"

Tausayi ya kama Waziri, kuma tausayi ne ya sa shi gaggawar da ba halinsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a sanin wannan da ji, sai da ɗanɗano. Mutanen gari ba za su iya ba, tsoro zai kashe su. Amma gobe, baƙon farko da ya shigo daga wata ƙasa, ka miƙa masa hannu, ka ji abin da talakawanka ke ji kullum kyauta." Sarki ya yi murmushi kamar yaron da aka yi wa alkawarin zuwa kasuwa.

Kashegari da hantsi fada ta cika, sai ga wani mutum dogo, ramamme, ƙafafunsa fari fat da ƙurar tafiya, yana rataye da gora wadda ko ɗigon ruwa babu a ciki. Aka tambaye shi a ƙofa, ya ce da gurɓatacciyar Hausa sunansa Mazadu, daga Tungar Duwatsu yake, can kudu, tafiyar kwana biyar, kuma wurin Sarki ya zo. Ya tuɓe takalmi, ya sunkuya ya dafa ƙasa da ladabi. Fadawa suka buɗe baki za su amsa, sai suka ga abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba: Sarki ya zaro hannunsa daga cikin alkyabba, ya miƙa.

Mazadu ya dubi hannun nan, ya daɗe yana dubansa, idonsa ya kawo ruwa. Sa'an nan ya ɗauki hannunsa na dama a hankali, ya cusa ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya matse.

Tirƙashi! Fada ta yi tsit, har ana jin kukan kurciyoyin lambu. Hannun Sarki na nan a miƙe cikin iska, ba mai karɓa, gaban hakimai da malamai da bayi. Ka san kunya in ta kama mai mulki, fushi take zama. Sarki ya janye hannunsa, aka ji muryarsa a fada karo na farko: "Waziri, shawararka ce. Na ba ka kwana uku ka kawo mini dalilin da zai gamsar da ni. In la'asar ta rana ta uku ta yi ba ka kawo ba, hannun da ya fi ƙarfin nawa a sare shi a bakin kasuwa." Dogarai suka ja baƙo suka yi gidan Yari da shi.

Jikin Waziri ya yi sanyi, domin ya san ba don bakinsa ba da bawan Allah nan ya yi gaisuwarsa ya tafi da hannuwansa biyu. Ya bi shi kurkuku tun kafin azahar, ya tsaya a kansa da rawani da sanda, ya ce, "Ya kai baƙo, me ya kai ka ga wulaƙanta Sarki?" Mazadu ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Waziri ya yi lallashi, ya yi barazana, ya jarraba harsuna huɗu da ya koyo a tafiya, duk a banza. Daga ƙarshe ya miƙa masa nasa hannun, sai mutumin ya sake cusa damansa a hammata.

Da zai fita, Yari ya rako shi yana sosa ƙeya, ya ce, "Allah Ya gafarta Waziri, ni fa abin ya ɗaure mini kai. Mutumin nan ban taɓa ganin mai son gaisuwa irinsa ba. Tun da aka kawo shi ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyalina har da awaki. Ɓarayin da ke ciki ma duk ya bi su ɗaya ɗaya ya gaisa da su."

Waziri ya tsaya cak. Ashe ba girman kai ba ne, ba kuma jahilcin musafaha ba ne. Mutumin zaɓe yake yi.

Rana ta biyu sai ya shirya jarrabawa. Ya sa aka fito da Mazadu ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidan Yari, ya yi ta aiko da mutane iri iri su miƙa masa hannu, shi kuwa yana gefe yana kallo. Alƙali ya zo, ya karɓa. Sarkin Pawa ya zo, ya karɓa. Wani kuturu mai bara a bakin masallaci ya miƙo dungulminsa yana jin nauyi, Mazadu ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Dogarin da ya ja shi a ƙasa jiya ya zo yana muzurai, ya karɓa. Har Hauni, wanda zai sare hannun gobe, aka kira, Mazadu ya gaisa da shi, ya tambaye shi gajiya, Hauni ya koma gida ya kasa cin tuwo. Mutum arba'in da ɗaya suka wuce, bai ƙi kowa ba. Ana cikin haka sai ga Sarkin Lambu ya biyo da kwandon lemo a ka, ya ga taro, shi ma ya ajiye ya miƙa hannu don neman albarka. Wani ya ce, "Wannan shi ne mai kula da ruwan Sarki." Nan take hannun Mazadu ya koma hammata.

Waziri ya koma gida yana juya abin a ransa. Sarki, da shi kansa, da Sarkin Lambu. Ɗaya mai mulki, ɗaya mai shawara, ɗaya mai fartanya, ba dangi ba, ba tsara ba. Me ya haɗa su? Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga abin da ya haɗa su ba sai abu guda, abin da ya fi so a duniya, kuma zuciyarsa ta yi ta kauce wa wurin kamar mai ciwon haƙori da harshensa.

Da safiyar rana ta uku ya karɓi baƙon daga hannun Yari, ya shigar da shi lambu ta ƙaramar ƙofa. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ƙamshin furen lemo ya cika wurin, hasken rana na saukowa ta tsakanin ganye yana wasa bisa ruwa. Mazadu bai dubi rumman ba, bai dubi inabi ba. Ya karkata kai yana saurare, sa'an nan ya bi ƙarar ruwan kamar mai tafiya cikin barci, har ya isa inda ƙoramar ke shigowa ta ƙarƙashin katanga. Ya durƙusa, ya zaro hannun nan na dama, ya tsoma shi cikin ruwa har gwiwar hannu, ya riƙe kamar ya kama hannun wani. Waziri ya ji yana cewa a hankali, "Sannu, Farin Yashi. Ina gajiya? Yaya baƙunci? Ashe nan kika zo. Mutanen gida suna gaishe ki. Tsofaffi na tambayarki, yara kuwa waɗanda aka haifa bayan tafiyarki ba su san fuskarki ba."

Nan Waziri ya gane ruwan nan yana da masu shi. Ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, cikin laima, da rigarsa mai aska takwas, ya ce da muryar da shi kansa bai san ta ba, "Bawan Allah, me na yi maka?"

Mazadu ya juyo, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Yauwa, baba. Yanzu ka tambaya."

Ya gyara zama, suka fuskanci juna, ya ce, "A wurinmu hannu ba ya ƙarya. In na ba ka hannuna, na shaida ke nan babu komai tsakanina da kai, kuma duk abin da ke akwai ya mutu, ba a sake tada shi har abada. In kuwa ina da ƙara a kanka, sai in ɓoye hannuna, kai kuma ka sauko ka zauna a ƙasa daidai da ni, ka tambayi abin da ka yi mini. Ba a faɗa wa na tsaye, ba a faɗa wa ɗan aike. Shekaranjiya a tsaye ka zo, kuma laifina ka tambaya."

Waziri ya ce, "Dogarin da ya ja ka a ƙasa fa? Ai ka gaisa da shi."

"Wannan ni kaɗai ya yi wa, na kuwa yafe. Amma hannun nan yanzu ba nawa ba ne. Ranar da zan taso, duk mutanen Tungar Duwatsu suka fito, maza da mata, kowa ya ɗora tafinsa a kan nawa, har jarirai aka kama hannunsu aka ɗora. Da na miƙa wa Sarki, da duk garin sun yafe ƙoramarsu. Gara a sare shi, baba, da in bayar da abin da aka ba ni amana."

Sa'an nan ya gaya wa Waziri rabonsa na laifi, ya ce rabon Sarki kuwa sai Sarki ya zauna. Waziri ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Shi da ya san yadda ake gaisuwa a ƙarshen duniya, bai taɓa tambayar su wa ke zaune a ƙarshen ƙoramar da ya datse ba.

Bayan azahar fada ta cika maƙil, Hauni na tsaye a ƙofa da kayan aikinsa, kansa a sunkuye. Waziri ya shigo da taɓo a rigarsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, fadawa suka amsa. Ya ce, "Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara masa haƙuri bisa haƙuri. Ka yi mini tambaya biyu, ɗaya a lambu, ɗaya a nan, na kuwa tarar amsarsu guda ce. Amma kafin in faɗa, ina roƙon alfarma Sarki ya tambayi wannan taro yadda suka kwana."

Sarki ya ɗaga kai, Sarkin Fada ya yi tambaya, fada duka ta amsa da murya ɗaya, "Lafiya lau, ranka ya daɗe!"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, cikin masu amsawar nan akwai wanda ya binne ɗansa shekaranjiya, akwai wanda gobara ta cinye rumbunsa, akwai wanda aka zalunta a shari'a yana ta haɗiyar zuciya. Ban zarge su ba, ladabinmu ke nan, kuma ladabi ne mai kyau, domin yana rufa asiri, yana sanyaya zama. Sai dai shekara talatin da bakwai kana jin lafiya lau daga mai ƙaunarka da maƙiyinka, da mai ƙoshi da mai yunwa, har ba ka da hanyar rarrabe su. Baƙon nan ya fito daga mutanen da gaisuwarsu ba ta iya ƙarya. In sun ba ka hannu, babu sauran hakkinsu a kanka, in sun hana, akwai. Saboda haka gaisuwar da ta fi daraja ita ce wadda mai ita ke da ikon hanawa, domin ranar da ya bayar ka san gaskiya ce. Wannan amsar tambaya ta farko. Ta biyu kuwa, bai ƙi hannunka don raini ba, ƙara ya kawo, kuma ni ne farkon wanda ake ƙara."

Sarki ya ce, "Wace ƙara?"

"Ba ni da izinin faɗa, ranka ya daɗe. Ba ya gaya wa ɗan aike, ba ya gaya wa na tsaye, ba ya gaya wa na kan karaga. Sai ka sauko ka zauna a ƙasa, ka tambaye shi da bakinka abin da ka yi masa."

Fada ta ɗauki salati. Wani hakimi ya ce tsufa ya taɓa Waziri, wani ya ce a haɗa da nasa hannun. Sarki bai kula su ba. Ya dubi tafinsa, ya dubi ƙofa inda inuwa ta fara karkata zuwa la'asar, Waziri kuwa ya san in girman kai ya rinjayi Sarki na ɗan lokaci kaɗan, an gama. Can Sarki ya miƙe, ya ce, "Ina yake?"

Suka same shi a bakin ruwa inda Waziri ya bar shi. Bayi suka rugo da darduma, Sarki ya ɗaga musu hannu su koma. Ya tattara alkyabbarsa, ya sauka a hankali, gwiwoyinsa na ƙara don sun manta hanya, ya zauna a ƙasa. Ya sauke amawali, ya ce, "Ya kai Mazadu, me na yi maka?"

Mazadu ya ce, "Sarki, wannan ruwa namu ne tare da ku. Tun kakanni yana wucewa ta ƙofarku ku sha, ya iso mana mu sha. Shekara uku ke nan ya daina zuwa. Muka zaci fushin Allah ne, muka yi ta roƙo. Matanmu na fita da asuba neman ruwa su dawo da la'asar da rabin tulu. Shanu sun mutu, samari sun watse, itacen da muke taruwa a ƙarƙashinsa ya bushe. Mahaifiyata ta rasu bara tana roƙon a jiƙa mata leɓe da ruwan Farin Yashi, na ɗauki gorar nan na bi yashi kwana biyu ban samu ba. Sai wani falke ya ce mana ya ga ruwanmu a bayan gidanka, yana shayar da furanni. Waziri ya so, mai lambu ya haƙa, kai kuwa ka ce a yi, ba ka tambayi ina ruwan yake zuwa ba. Wannan ne rabonka."

Sarki ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago, ya dubi Waziri, ya ce, "Ka san abin da gyaran wannan zai ci?" Waziri ya dubi rumman da inabi, ya dubi rumfar da suka sha zama, ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ina roƙon a ba ni fartanya, ni zan fara sara."

Kafin rana ta faɗi aka fasa datsiyar, ruwa ya yi ɗan jinkiri kamar mai tuna hanya, sa'an nan ya juya kudu da gudu. Sarki ya sallami Hauni, ya juyo da murna ya sake miƙa wa Mazadu hannu. Af! Sai mutumin nan ya sake cusa damansa a hammata. Dogarai suka zabura, amma Mazadu ya ce da ladabi, "Ka yi haƙuri, Sarki. Na ga ruwa ya tashi, ban ga ya isa ba." Sarki ya yi dariya har ya riƙe ciki, dariyar da ba a taɓa ji ba a gidan nan, ya ce a ba shi doki ya bi ruwansa.

Kwanaki suka yi ta wucewa, lambu ya fara bushewa. Inabi ya fara tafiya, lemo ya bi, kurciyoyi suka sake unguwa, sai 'yan itatuwan rumman biyu da Waziri ke shayarwa da guga daga rijiya. Duk da haka su biyun ba su daina zama a can bayan la'asar ba. Waziri yana baƙin ciki, ba ya ɓoyewa, amma ya ce barcinsa ya fi na da daɗi.

Ranar kwana na arba'in, da hantsi, sai ga Mazadu a ƙofar fada, gorarsa cike tana ɗiga. Ya tuɓe takalmi, ya dafa ƙasa, ya buɗe gorar ya zuba ruwa bisa hannunsa na dama. Ya ce, "Ya isa, Sarki. Yara sun yi wanka. Kowa ya sake ɗora tafinsa a nan, sun ce in kawo maka." Ya miƙa hannu, shi da kansa.

Sarki ya sauko ya kama. Tafi ne mai kaushi, mai kanta, jiƙe da ruwa mai sanyi, ya riƙe na Sarki gam da hannu biyu, ya tambaye shi gajiya, da iyali, da dawaki, da ciwon gwiwa. Fadawa suka buɗe baki za su amsa masa kamar yadda suka saba, Sarki ya girgiza kai, ya amsa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na sauka cikin amawali, bai kuwa saki hannun ba sai da ruwan ya bushe a tsakaninsu.

Sa'an nan ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri Ukashatu, ya ba shi gona a bakin ƙorama inda ruwa ke wucewa da kansa, ya dasa abin da ya ga dama ba tare da ya tare wa kowa ba. Mazadu kuwa Sarki ya ba shi shanu ashirin ya kai wa garinsu, ya kuma roƙe shi alfarma guda, cewa duk shekara bayan kaka ya zo fada, in ya ga dama ya ba da hannu, in ya ga dalili ya hana. Aka buɗe wannan ƙofa ga kowane talaka na ƙasar. An ce a sauran shekarun mulkinsa sau tara Sarki Nafi'u yana zama a ƙasa, kuma shi ya sa aka rubuta a saman ƙofar fada, inda mai shiga zai gani tun kafin ya tuɓe takalmi: Kada mai mulki ya auna adalcinsa da yawan masu faɗuwa gabansa. Ya auna shi da mutum guda da ya iya hana shi hannu, ya koma gida da hannun nan lafiya.